Kasuwar Katafila a Indiya: Yadda JCB Ya Kama Mai Mota Ɗaya

A kan babban titin da ya tashi daga Delhi ya nufi Mathura da Agra, bayan an wuce tsakiyar Faridabad, akwai garin Ballabgarh na jihar Haryana. Duk mai bin wannan hanya zai riƙa cin karo da tireloli ɗauke da motocin haƙa masu launin rawaya, sababbi fil, kujerunsu a naɗe da leda. Daga masana'antar kamfanin JCB suke fitowa, wadda babu kamarta a duniya wajen ƙera irin wannan mota. Wasu za su nufi ƙauyukan Bihar da Rajasthan, wasu kuma tashar jiragen ruwa, a yi ƙasashen waje da su.

Motar ba ta da wuyar ganewa. A gabanta akwai faffaɗan cokali na kwasar ƙasa da loda tifa, a bayanta kuma dogon hannu mai ƙaramin cokali mai haƙora, wanda ke tona rami. Kujerar direba juyawa take yi: in ya gama lodi sai ya juya baya, ya sauke ƙafafun ƙarfe biyu su dafe ƙasa, ya shiga haƙa. Samfurinta da ya fi kowanne karɓuwa a Indiya shi ne 3DX.

Kamfanin na Ingila ne. Joseph Cyril Bamford ya kafa shi a 1945 a wani ɗan gareji da ya kama haya a garin Uttoxeter, kuma abin da ya fara ƙerawa tirela ce ta gona, daga ragowar ƙarafan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1953 ya fito da motar haƙa mai cokali gaba da baya. Ɗansa Anthony Bamford, wanda ya karɓi ragama a 1975, shi ne ya kai kamfanin Indiya a 1979, ta hanyar haɗin gwiwa da Escorts, kamfanin ƙera taraktoci na Faridabad.

A lokacin kasuwar ba ta taka kara ta karya ba. Leburori sun fi inji araha nesa ba kusa ba, kuma yawancin ramukan ƙasar da diga da shebur ake haƙa su, mata na kwashe ƙasa a kwando a ka. Gwamnati ce ke yanke wa kowace masana'anta abin da za ta ƙera da yawan da za ta ƙera. An yi shekaru ana sayar da motoci ƙalilan. Al'amura sun fara juyawa a 1991, lokacin da gwamnatin Narasimha Rao, da Manmohan Singh a matsayin ministan kuɗi, ta sassauta dokokin kasuwanci. Sai gwamnatin Atal Bihari Vajpayee ta ɗauko aikin babbar hanya mai tsawon kilomita 5,846 da ta haɗa Delhi da Mumbai da Chennai da Kolkata, kuma a Disambar 2000 ta ƙaddamar da shirin kai titi ƙauyuka. A 2003 JCB ya saye hannun jarin da Escorts ke da shi a haɗin gwiwar gaba ɗaya. Daga 2007 zuwa yau, Indiya ce kasuwarsa mafi girma a duniya, ta wuce Birtaniya inda aka haife shi.

Manyan hanyoyi manyan kamfanoni ke cin kwangilarsu, amma ba su ne ƙashin bayan wannan ciniki ba. Wanda ya ɗaga JCB shi ne mai mota ɗaya: manomin da ya jinginar da gona, ko tsohon direban da ya tara ɗan abin hannu, ko mai tarakta da ya ga haƙa ta fi huɗa kawo kuɗi. Irin wannan mutum ba ya da kwangilar kansa. Hayar motar yake bayarwa, ana biyansa a kan awa, a wurare da yawa wajen rupi dubu ɗaya. Yau yana haƙa harsashin gida, gobe yana yashe tafkin ƙauye kafin saukar damina, jibi yana loda yumɓu a wurin masu gasa tubali, gata yana tona ramin bututun ruwa.

Abin da ya sa wannan mota ta dace da shi taya ce. Babbar katafila mai tafiya a kan sarƙa ta fi ƙarfi, ta fi saurin haƙa, amma ba ta hawa kwalta. Duk inda za ta sai an ɗauko tirela an biya kuɗin dako. Ita kuwa mai taya lambar mota gare ta, tana hawa titi da kanta tana gudun sama da kilomita 30 a awa, tana kuma kutsawa lungun da tirela ba ta shiga. Aikin awa uku a wannan ƙauye, aikin awa huɗu a na gaba, kafin magariba mai mota ya haɗa kuɗin mai da na direba da wani abu na biyan bashi.

Bashi kuwa shi ne jinin kasuwar. Sabuwar 3DX ta haura rupi miliyan uku, kuma da wuya a ga wanda ya zube kuɗinta lakadan. Mai saye yakan ba da kafin alƙalami, banki ko kamfanin ba da lamuni ya cike sauran, a riƙa biya wata-wata har shekara uku ko huɗu. Shi ya sa a shagon dillalin JCB, teburin wakilin masu ba da bashi ba ya nisa da na mai sayarwa. Tambayar da mai saye ke fara yi ba ta ƙarfin inji ba ce. Nawa zai biya a wata, lita nawa take sha a awa, kuma in ya tashi sayarwa bayan shekara biyar nawa za ta yi? Masu ba da bashi ma wannan tambaya ta ƙarshe suke dubawa, domin motar da ke da masu saye a kasuwar gwanjo ita ce jinginar da ba ta ba da tsoro. Da haka farin jinin motar ya riƙa ciyar da kansa: saboda tana sayuwa a hannu na biyu ake saurin ba da bashinta, saboda ana saurin ba da bashinta take ƙara yawa.

In bashi ya tsaya, kasuwa ta tsaya. An ga haka a 2018, da babban kamfanin kuɗi na IL&FS ya kasa biyan basussukansa, kuɗi suka ƙafe a hannun ƙananan masu ba da lamuni, cinikin motocin gini ya faɗi a shekarar da ta biyo baya. A Oktobar 2021 kuma Babban Bankin Indiya ya rushe hukumar gudanarwar kamfanin Srei na Kolkata, wanda ya daɗe yana cikin manyan masu ba da bashin irin waɗannan motoci.

Bayan bashi sai gyara. Ga mai mota ɗaya, kwana uku a tsaye asara ce da ke iya hana shi biyan kuɗin wata. JCB ya gane wannan da wuri, ya baza dillalai da ɗaruruwan rassa har cikin ƙananan garuruwa, inda ake ajiye tiyon mai da matatar iska da haƙoran cokali, bakanike kuma ya hau babur ya je har bakin rami. Shekaru da yawa injin Kirloskar na birnin Pune ake ɗora wa motar, injin da bakaniken ƙauye ya riga ya sani daga famfunan ban ruwa da janareto. Daga baya ne kamfanin ya koma ƙera injinsa a Ballabgarh. Yanzu motocin na ɗauke da na'urar LiveLink, wadda ke nuna wa mai mota a wayarsa inda take, awa nawa ta yi aiki, da yawan man da ya rage, abin da ya rage gardama tsakaninsa da direba.

Direban kansa yawanci daga yaron mota ya fara. Yana shafa giris, yana wanke cokali, yana kallon hannun maigidansa, har ranar da za a bar masa kujera ya gwada. Da yawansu 'yan ci-rani ne daga Bihar da Jharkhand da Uttar Pradesh, suna kwana kusa da motar a wurin aiki, suna aika kuɗi gida.

Kasuwar tana da rani da damina kamar ta manoma. Daga Yuni zuwa Satumba ruwan sama na tsayar da haƙa, motoci su yi cirko-cirko, masu su kuma su shiga lissafin yadda za su biya banki. Daga Oktoba, lokacin bukukuwan Diwali, ciniki ke farfaɗowa, ya kai ƙololuwa tsakanin Janairu da Maris, sa'ad da ma'aikatun gwamnati ke gaggawar kashe kasafinsu kafin shekarar kuɗi ta ƙare ranar 31 ga Maris. Shekarar zaɓe kuma takan zo da sanyin ciniki, domin ba a ba da sabuwar kwangila sai an ga wanda ya hau. Duk shekara biyu 'yan kasuwar kan haɗu a baje kolin Excon a Bengaluru, inda kowane kamfani ke fito da sabon samfurinsa.

Girman cinikin ya kai a jinjina. Tsawon manyan hanyoyin tarayya ya tashi daga wajen kilomita 91,000 a 2014 zuwa wajen 146,000 cikin shekara goma. Shirin Jal Jeevan da aka fara a 2019 don kai famfo gidajen karkara ya buɗe aikin tona ramin bututu a dubban ƙauyuka. A kasafin 2024 zuwa 2025 gwamnatin tarayya ta ware rupi tiriliyan 11.11 don manyan ayyuka. A shekarar kuɗi ta 2023 zuwa 2024 an sayar da motocin gini sama da 130,000, abin da ya sa Indiya a sahu na uku a duniya, bayan Sin da Amurka.

Inda ake irin wannan ciniki ba a rasa abokan hamayya. Tata Hitachi na da masana'antu a Dharwad da Kharagpur, kuma ya yi suna a manyan katafilu masu sarƙa. Caterpillar na ƙera motoci kusa da Chennai, Case a Pithampur, Mahindra kuma ya fito da tasa motar haƙa mai suna EarthMaster. BEML, mallakin gwamnati tun 1964, ya riƙe ɓangaren haƙar ma'adinai. Kamfanonin Sin, irin su Sany da ke Chakan kusa da Pune da LiuGong da ke Pithampur, sun shigo da farashi mai sauƙi. Kuma yayin da ayyuka ke ƙara girma, 'yan kwangila na ƙara karkata ga mai sarƙa. JCB bai zauna ba: yana ƙera masu sarƙa a Pune, ya buɗe masana'anta a Jaipur a 2014, inda mata suka kai kusan kashi ɗaya cikin uku na masu aiki a layin haɗa motoci, sannan wata a kusa da Vadodara a jihar Gujarat a 2022, wadda ta ci fam miliyan 100. Motocin da ake ƙerawa a Indiya yanzu suna zuwa ƙasashe sama da 100, ciki har da na Afirka da ita kanta Amurka.

Tsohuwar mota ma ba ta rasa mai so. Wadda aka ƙwace saboda bashi takan ƙare a filin gwanjo na kamfanoni irin su Shriram Automall, inda mai saye ke duba awannin da ta yi aiki, ya saurari ƙarar injin, ya leƙa ƙarƙashi ko mai na ɗiga. Wadda ta gaji gaba ɗaya kuma sai Mayapuri, unguwar 'yan gwangwan a yammacin Delhi, inda ake farke ta a sayar da famfon mai daban, gatari daban, cokali daban.

Sai dai wannan mota da ke haƙa tafki, take kuma tona ramin ceto in yaro ya faɗa rijiyar burtsatse, ta samu wani tabo a 'yan shekarun nan. A wasu jihohi hukumomi sun ɗauki ɗabi'ar rushe gidaje da shagunan mutanen da ake zargi da tarzoma, ba tare da shari'a ba, har magoya bayan babban ministan Uttar Pradesh, Yogi Adityanath, suka mayar da buldoza alamar yaƙin neman zaɓensa a 2022. Ranar 20 ga Afrilun 2022 aka shiga unguwar Jahangirpuri ta Delhi da motocin JCB aka rushe shaguna da rumfuna. Washegari Firayim Ministan Birtaniya na lokacin, Boris Johnson, ya buɗe masana'antar Gujarat, ya ɗare kan sabuwar mota ana ɗaukar hoto, abin da ya jawo masa suka mai zafi. A Fabrairun 2024 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto kan gine-gine 128 da aka rushe a jihohi biyar tsakanin Afrilu da Yunin 2022, galibinsu na Musulmi, ta kuma ce ta tabbatar da amfani da motocin JCB a aƙalla 33 daga ciki. Amsar kamfanin ita ce ba shi da iko da abin da ake yi da mota bayan ta bar hannun dillali. Ga iyalin da aka bari a titi da kayansu a ƙarƙashin ɓaraguzai, wannan amsa ba ta isa ba, musamman daga kamfanin da na'urarsa ke iya nuna inda mota take a kowace awa.

Ranar 13 ga Nuwamban 2024 Kotun Ƙolin Indiya ta yanke hukunci cewa rushe gidan mutum don kawai ana zarginsa da laifi ya saɓa wa tsarin mulki. Ta wajabta a ba da sanarwar kwana 15 kafin a rushe gini, a ɗauki aikin a bidiyo, kuma jami'in da ya karya wannan ƙa'ida zai biya diyya daga aljihunsa.