Lamba ta Uku a Jikin Ƙarfe

Duk wanda ya bi hanyar Kurfi zuwa Dutsin-Ma zai ga tankunan ruwa ɗare a kan ƙarafa, a masallatai da makarantu da gidajen haya. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011 gine-gine suka yawaita, kowane mai gida kuma yana son rijiyar burtsatse da tankinsa. Nauyin ne ba a cika lissafawa ba. Litar ruwa kilo ɗaya ce, don haka tanki mai lita 5,000 tan 5 ne a saman kawunan jama'a, ban da iskar farkon damina da ke jijjiga shi.

Ƙarfen da ake ɗora wa irin wannan kaya shi ne wanda masu walda ke kira bim, mai siffar harafin I in ka dube shi ta baki. Ba ado ba ne siffar. Idan nauyi ya danne bim, samansa matsewa yake yi, ƙasansa yana miƙewa, tsakiyar kuwa aikinta kaɗan ne. Shi ya sa aka tara kaurin a leɓen sama da na ƙasa, aka bar tsakiya siririya. Mai walda da ya kwantar da bim a gefensa don ya fi masa daɗin aiki ya yi wa mai gida ɓarna: bim ɗin da ake kira 203 x 133 x 25 ya fi jure lanƙwasa a tsaye fiye da sau bakwai a kan yadda yake a kwance.

Lambobin nan uku su ne sunansa a tsarin Ingila da injiniyoyinmu suka gada. Ta farko tsayin bakinsa ne a milimita, ta biyu faɗinsa, ta uku kuma nauyin kowace mita a kilo. A nan ne ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Akwai 203 x 133 x 25, akwai kuma 203 x 133 x 30. In aka jera su a ƙasa ido ba zai raba su ba, domin bambancin yana cikin kauri: leɓen na farko milimita 7.8 ne, na biyun 9.6. Amma a tsawon mita 12, ɗaya kilo 300 ne, ɗayan 360. Ratar ta fi buhun siminti guda. Injiniya ya rubuta 30, an kawo 25, an shafa jan fenti, an karɓi kuɗin 30, shi ke nan.

Lissafin ba sihiri ba ne. Ƙarfe mai mita ɗaya a tsayi da faɗi da zurfi kilo 7,850 yake, daga nan aka fitar da dukkan jadawalin nauyin ƙarfe. Rodi ma haka. Mai milimita 12 na gaskiya, tsawon mita 12, ya kusa kilo 10.7, wato tan ɗaya guda 94 ne ko kusa da haka. Mai milimita 16 kuwa wajen guda 53. Idan ɗan kasuwa ya ce tan ɗinsa ya fi na kowa yawan rodi, kada ka yi murna, rodin ne ya rame.

Mu a Katsina ba baƙin ƙarfe ba ne. A farkon shekarun 1980 aka buɗe kamfanin mulmula ƙarfe na Katsina, tare da na Jos da Osogbo, amma rodi da waya ne aikinsa. Manyan bim daga kamfanin ƙarfe na Ajaokuta aka tsara su fito, amma shirin bai tabbata ba. Saboda haka mai gini a Kurfi yakan nufi Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, inda sabo da na kwance suke gefe da gefe.

Na kwancen ba laifi ba ne, in dai tsatsa ba ta cinye shi ba. Ni dai a ganina kafin a yi ciniki a yanko mita ɗaya a ɗora a sikeli, a auna kaurin leɓe, sannan a gwada da abin da injiniya ya rubuta. Mai sayarwa zai ce, "Haba Alhaji, ba ka yarda da ni ba ne?" Ka ce ka yarda, amma a kawo sikelin.