Sitikar Gilashin Shago: Abubuwan Mamaki a Taƙaice

Babbar sitikar nan da ake shimfiɗa wa gilashin kanti, wadda masu ɗab'i a Najeriya suke kira SAV, asalinta daga gishiri ne. Da ledar PVC ake yin ta, kuma kusan kashi 57 cikin ɗari na nauyin tsantsar PVC sinadarin kulorin ne, wanda ake cirowa daga gishiri. Ragowar daga man fetur ko iskar gas yake fitowa.

Ba da niyya aka gano PVC ba. A 1872 wani Bajamushe masanin sinadarai, Eugen Baumann, ya ajiye kwalbar wani sinadari, ya dawo ya tarar wani farin abu ya daskare a ciki. Abin ya cika tauri, ba ya lanƙwasuwa, aka rasa yadda za a yi da shi har fiye da shekara hamsin. Sai a 1926 Waldo Semon na kamfanin B.F. Goodrich a Amurka ya samo hanyar tausasa shi, alhali shi ma wani abu dabam yake nema: yadda zai haɗe roba da ƙarfe.

Gam ɗin da ke bayan sitikar ma yana da nasa labarin. Stanton Avery ne ya fara sayar da takarda mai manne kanta a Los Angeles a 1935. Jarinsa dala ɗari ce da ya ranta a wajen wadda zai aura, injinsa kuwa ya harhaɗa shi ne da injin na'urar wanki da sassan keken ɗinki da zarto. Sunansa na nan a jikin naɗin sitika har yau: Avery Dennison.

Kafin 1982, mai shago da ke son sunansa a gilashi mai fenti yake kira, ya zo da buroshi ya zana harafi bayan harafi. A shekarar ce kamfanin Gerber na jihar Connecticut ya fito da injin da ke yanka haruffa daga leda da 'yar ƙaramar wuƙa. Cikin 'yan shekaru sana'ar rubutun hannu ta durƙushe a Turai da Amurka. Mu a nan ta daɗe ba ta ji jiki ba, kuma har yanzu akan ga aikin gwanaye a bayan manyan motoci da bangon shaguna. Ina son aikin injin, yana da tsafta da sauri, amma rubutun mai fenti kana ganinsa ka san hannun wane ne, abin da injin ba zai taɓa ba ka ba.

Ga wanda ya fi ɗaure wa mutane kai: da ruwa ake manna babbar sitika. Mai aiki zai sa ɗigo biyu ko uku na sabulun ruwa a kwalbar feshi, ya jiƙa gilashin sharkaf, ya jiƙa gefen gam ɗin, sannan ya ɗora. Ruwan ne ke hana gam kamawa nan take, sai ledar ta riƙa zamewa, a gyara mata zama har ta daidaita. Daga nan sai a sa faffaɗar robar gogewa a kori ruwan daga tsakiya zuwa baki, kowane ja yana hawa kan rabin wanda ya gabace shi. In sabulu ya yi yawa, gam ba zai kama ba har kwanaki. In aka yi ragwanci wajen korar ruwan, shi ne zai koma ƙuraje a fuskar aikin. Gwani kuma ba ya ɓare takardar baya gaba ɗaya lokaci guda. Yakan kafe sitikar da salatif a tsakiya, ya gama da ɓari ɗaya tukuna, sannan ya juyo ɗayan.

Amma akwai irin da ba ta son ruwa ko kaɗan. A bayanta an tsaga wa gam ɗin ƙananan hanyoyi da ido ba ya gani sosai, domin iska ta bi ta fice da kanta. In aka fesa mata ruwa, a cikin hanyoyin zai maƙale. Don haka tambayar farko kafin a buɗe naɗi ita ce: wace iri ce wannan?

Wajen tsaftace gilashi kafin mannawa, ruwan goge gilashi na kanti, musamman mai sinadarin amoniya, yakan bar wani saura da ke hana gam zama. Masu sana'ar sun fi yarda da sifirit da tsumma mara gashi.

Ƙura ta fi kumfa sharri. Ƙaramin kumfa yakan baje da kansa bayan 'yan kwanaki a rana, babba kuma a huda gefensa da allura a matse iskar, ba da reza ba, don yankan reza buɗewa yake yi daga baya. Ƙwayar ƙura guda kuwa in ta shiga ta shiga ke nan, za ta ɗaga ledar a kanta kamar ƙaramar rumfa. Abin da ke ƙara dagula lamarin, lokacin da ake ɓare takardar baya ledar tana ɗaukar cajin lantarki, sai ta janyo ƙurar iska da kanta, kuma busasshiyar iska ce ta fi haddasa cajin. Duk wanda ya yi wannan aiki a Kano ko Damagaram cikin hunturu ya san abin da ake nufi. Shi ya sa mai hankali yake yayyafa ruwa a ƙasa kafin ya fara, ya kuma kashe fanka.

Zafi ma haka. Galibin kamfanoni sun fi son a manna tsakanin digiri 10 zuwa 30, mu kuwa a watan Afrilu mukan haura 40, gilashin da rana ta daka kuma ya fi iskar zafi. A irin wannan yanayi gam yana cafkewa tun ba a daidaita ba, ruwan feshi ya bushe, leda ta miƙe ta ɓata haruffa. Aikin sassafe ne ko na bayan la'asar. Bayan an gama, gam yana buƙatar kwana ɗaya zuwa uku kafin ya kai ƙarfinsa, saboda haka kada yaron shago ya zo da bokiti washegari.

Leda ba ta manta siffarta. Mai arha, tsakanin manyan rodi masu zafi ake matse ta har ta yi faɗi, don haka kullum tana ƙoƙarin komawa yadda take. Shi ya sa bayan wani lokaci za ka ga ta ja da baya, ta bar baƙin layin gam da datti a kewaye. Mai tsada kuwa a ruwa-ruwa ake zuba ta ta bushe a shimfiɗe, ba ta da inda za ta koma. Siririya ce ainun: sai an jera kusan ashirin kafin su yi kaurin milimita ɗaya.

Sitika na iya fasa gilashi ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Baƙa ko mai duhun launi tana shan zafin rana, inda ta rufe ya ɗumama ya buɗe, bakin gilashin da ke cikin firam kuma yana nan da sanyinsa. In bambancin ya yi yawa sai tsagewa ta taso daga baki. Sau da yawa maƙwabci ko yaran unguwa ake ɗora wa laifi, alhali launi ne da rana.

Ita kuma mai huda-huda, wadda na waje ke ganin hoto, na ciki kuma yana ganin titi, babu wani tsafi a cikinta. Kusan rabinta ko ƙasa da haka ramuka ne, gabanta fari mai hoto, bayanta baƙi. Ido yana bin inda haske ya fi yawa: da rana na waje hoton yake gani, na ciki kuma idonsa ya tsallake baƙin ya bi ramukan. Da dare, in an kunna fitila a ciki, lamarin juyewa yake yi, mai wucewa ya ga komai. Ina jaddada wannan saboda shagunan gyaran gashi da na ɗinkin mata da ke dogara da ita wajen sutura. Labule bai gama amfani ba. Wani injiniya ɗan Ingila, Roland Hill, shi ya yi fice da wannan fasaha ta kamfaninsa Contra Vision tun tsakiyar shekarun 1980, kuma tunanin ya samo asali ne daga ɗakin wasan sikwash na gilashi, inda ake son 'yan kallo su ga 'yan wasa ba tare da sun ɗauke musu hankali ba.

Wadda za a manna daga cikin shago don a karanta daga waje, a juye ake yanka ta.

Ja ne ya fi saurin ƙoɗewa a rana. Shekarun da kamfani ke rubutawa cewa sitika za ta yi ma, lissafin yanayin tsakiyar Turai ne a galibi. Kamfanonin sun raba duniya shiyya-shiyya, kuma ƙasashe masu zafin rana irin namu ana rage musu adadin sosai.

A Ingila dokar gini ta wajabta sa alama a manyan ƙofofi da bangon gilashi a tsayi biyu, ɗaya tsakanin santimita 85 da 100 daga ƙasa, ɗaya tsakanin 140 da 160, don kada yaro ko mai keken guragu ko babba ya yi karo da abin da bai gani ba.

Tsuntsaye ma ba sa ganin gilashi, sararin sama da itatuwan da ke haskawa a jikinsa suke gani. A Amurka kaɗai ana ƙiyasta ɗaruruwan miliyoyi ke mutuwa a haka duk shekara. A watan Oktoba na 2023 kusan dubu suka mutu a dare ɗaya a ginin McCormick Place da ke Chicago. A shekarar da ta biyo baya aka lulluɓe gilasansa da ƙananan ɗigo-ɗigo na sitika, mace-macen suka ragu da kusan kashi 95 cikin ɗari. Hoton shaho guda da wasu ke mannawa ba ya hana komai, tsuntsu kauce masa kawai yake yi ya daki gefe. Abin da ke aiki shi ne ɗigon su kasance a fuskar waje ta gilashin, kuma tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce kimanin santimita biyar.