DUWATSUN FIKTAWA: ALAMOMIN DA HAR YAU BA A KARANTA SU BA

A arewaci da gabashin ƙasar Sikotlan, a bakin hanyoyi da tsakiyar gonaki da harabar majami'u, akwai waɗansu duwatsu a kafe da aka sassaƙa wa alamomi fiye da shekara dubu da suka wuce. Masu su kuwa su ne Fiktawa, mutanen da sunansu ya fara fitowa a wani rubutun Rumawa na shekarar 297 Miladiyya. Wajen shekarar 900 suka narke cikin daular Alba, harshensu kuma ya ɓace. Galibin labarinsu daga bakin maƙwabta aka samo shi, saboda haka duwatsun nan ne babbar shaidar da suka bari da hannunsu.

Cikin alamomin akwai jinjirin wata da lanƙwasasshiyar sanda ta ratsa shi, da fayafai biyu a haɗe, da madubi da mataji, da kifi, da gaggafa, da maciji, da wata dabba mai dogon baki wadda ba a san irinta ba. Yawanci bibbiyu ake jera su, kuma siffarsu kusan ɗaya ce ko'ina.

A shekarar 1903, Romilly Allen da Joseph Anderson suka wallafa babban littafin da ya kasa duwatsun kashi uku: waɗanda ba a gyara ba masu alamomi kaɗai, da gyararru masu alamomi tare da gicciye, da masu gicciye ba alamomi. Amma dutse ba ya faɗin shekarunsa, don haka masana da yawa suka yi kirdadon cewa tsakanin ƙarni na 5 da na 7 aka fara zanen.

Haƙa ƙasa ce ta sauya wannan ra'ayi. Daga 2015 zuwa 2017, masu binciken kufai na Jami'ar Aberdeen, a ƙarƙashin Farfesa Gordon Noble, suka tona Dunnicaer, wani tsauni a bakin teku inda samari suka tsinci duwatsu masu alamomi a 1832. Gwajin kabon, watau awon da ake gane shekarun gawayi da itace da shi, ya nuna cewa ganuwar wurin ta ƙarni na 3 zuwa na 4 ce. A Rhynie kuwa, inda wani manomi ya tono dutse mai siffar mutum riƙe da gatari a 1978, an gano mazaunin manya, har da tsingaron tulunan da aka kawo daga yankin Bahar Rum.

Bisa wannan ne masanan suka bayyana a 2018 cewa mai yiwuwa alamomin wani irin rubutu ne na sunayen manyan mutane, wanda Fiktawa suka ƙago bayan sun ga rubutun Rumawa. Sai dai ba a sami dutsen da ke fassara alamomin zuwa wani sanannen harshe ba.

Kafin a kai ga haka, dole ne duwatsun su tsira. Ruwa da ƙanƙara na cin zanen, shi ya sa ake rufe na ƙauyen Aberlemno da akwatunan katako duk lokacin hunturu. A ƙauyen ne kuma aka tono wani sabo a 2022, wanda mutanen baya suka shimfiɗa a daɓen gini. Duk dutsen da aka samu a inda yake kwance yana iya ba da shekarunsa, wanda aka ɗauke ba tare da bincike ba kuwa ya tafi da rabin labarinsa.