Briqueterie: Yadda saƙon ciniki ke nutsewa cikin tulin saƙonnin WhatsApp

Idan Sallah ta ƙarato, keken ɗinki ba ya hutawa a Briqueterie, tsohuwar unguwar Musulmi da ke tsakiyar Yawunde, babban birnin Kamaru. Wayar tela ma haka. Ta WhatsApp mai kaya ke turo hoton aikin wuyan da yake so, ta nan ake turo awon yaron da ke karatu a Garwa, ta nan ake sanar da shi an tura kafin-alƙalami ta Orange Money ko MoMo na MTN. Kuma ta wannan ƙofar dai sauran duniya ke shigowa: guruf ɗin dangi, na masallaci, na adashi, ga bidiyon wa'azi, ga hoton barka da Juma'a iri ɗaya daga mutum goma.

Ana yawan kukan cewa saƙonni sun yi yawa. A ganina abin da ya fi yawan ciwo shi ne, saƙon da ke ɗauke da kuɗi da wanda ba ya ɗauke da komai ƙararsu ɗaya, kamarsu ɗaya a fuskar waya.

Saƙon murya ya ƙara dagula lamarin. Da yawa cikin 'yan kasuwarmu sun fi sakewa da magana fiye da rubutu, ko da Hausa ne ko Fulatanci ko Faransanci. To amma Bahaushe ba ya fara magana da farashi. Sai an yi ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya ruwan Yawunde, can wajen minti na uku tsawon hannun riga zai fito. Rubutu kana iya neman kalma ɗaya ka same shi, murya kuwa sai ka sake saurare. Tela mai aikin mutum talatin ba shi da wannan lokacin, sai ya dogara da abin da ya tuna. In ya yanka shaddar mutane ba daidai ba, shi zai biya, ga kunyar ranar Idi.

'Yan damfara sun san wannan gajiyar. Sukan turo saƙo mai kama da na kamfanin waya cewa kuɗi sun shigo, sai kira ya biyo baya: wai kuskure aka yi, don Allah a mayar. Wanda idonsa ya gaji da karatun saƙo tun safe ba ya tsayawa duba asusunsa.

Turawa ba bincike ma tana da nata haɗarin. Dokar Kamaru ta 21 ga Disamba 2010 kan laifukan intanet ta tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2 da tarar sefa miliyan 5 zuwa 10 ga wanda ya yaɗa labarin da ba zai iya tabbatar da gaskiyarsa ba. Shi kansa WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri 5 a lokaci guda a 2019, sannan a 2020 ya mayar da saƙon da ya sha yawo zuwa wuri ɗaya tak. Sai dai a 2022 ya faɗaɗa guruf zuwa mutum 1,024. An ba da da hannun dama, an karɓe da hagu.

Waɗanda na ga sun samu sauƙi ba wani abin mamaki suka yi ba. Layi biyu: ɗaya na shago a kan WhatsApp Business, wanda ya fito a 2018 kuma yana ba da damar liƙa wa kowane mai ciniki alama, wannan ya biya, wannan saura ciko, ɗaya kuma na gida. Sun kashe saukar da hotuna da bidiyo kai tsaye, data ta daina zurarewa. Mafi muhimmanci, ba su yar da littafi ba. Awo ko farashi ya zo da murya, nan take a rubuta shi, a mayar wa mai shi a rubuce ya ce haka ne.

A guruf ɗin iyayen yara na ajina ma sai da muka rufe, shugabannin guruf kaɗai ke rubutu, bayan sanarwar ranar jarrabawa ta nutse ƙarƙashin tallar turaren wuta. Wasu iyayen sun ji haushi, har yanzu akwai mai gaishe ni da ƙyar.

Guruf ɗin dangi shi ne gagara-badau. A nan ake sanar da rasuwa da suna da ɗaurin aure, wanda bai gani ba kuma ba a karɓar uzurinsa. Tun 2022 mutum na iya fita ba tare da an shelanta wa kowa ba, sai shugabannin guruf. A Briqueterie kuwa shugaban guruf ɗin galibi Kawu ne, kuma sahu ɗaya kuke a babban masallaci ranar Juma'a. Shi ya sa akasari ba a fita: a kashe masa ƙara, a leƙa bayan sallar Isha'i.