Fijo 504 da Toyota Hilux: Abubuwan da ya kamata ka sani

A garejojin Sabon Gari har gobe ana musu kan wadda ta fi tsakanin tsohuwar Fijo da Hilux ta zamani. Kafin ka ɗauki ɓangare, ga abin da ke ƙasa.

Sa'annin juna ne

Duk biyun a 1968 aka fara fitar da su, 504 a Faransa, Hilux a Japan. Daga 1975 kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna ya shiga harhaɗa Fijo, ta zama motar gwamnati, motar malaman jami'a a Samaru, kuma motar haya a tasha. An daina ƙera 504 tun shekarun 2000, ita kuwa Hilux sai sabunta ta ake yi, har ta yau ba ta ma kama da kakarta.

Kaya da hanya

Nan babu musu. Hilux doguwar ƙafa gare ta, mai jan ƙafa huɗu kuma tana ratsa taɓon damina a ƙauyukan Giwa da Shika da buhunan masara a bayanta. Ita 504 da baya kawai take ja. Amma a ba ta haƙƙinta: laushinta a kan gargada ya sa direbobin Funtua suka riƙe ta shekara da shekaru, kuma ita ta lashe gasar Safari ta Kenya a 1975.

Gyara, inda gizo ke saƙar

Idan Fijo ta mutu a hanya, bakanike ya kwance kafireta, ya wanke ta da fetur a gindin galan, ya busa da baki, ya kankare fulogi, sai ka ji ta tashi. Da kunne yake gane ciwonta. Hilux kuwa kwamfuta ke raba mata mai. Da fitila ta kama a gaban direba, sai an nemo mai na'urar da zai karanto matsalar, kuma ɗan ƙaramin abu guda na iya cinye kuɗin da a da zai sauke injin Fijo.

Sai dai wannan fifiko yana zaizayewa. Kayan gyaran 504 na asali sun yi wuya, akasari na hannu ne ko jabu, tsofaffin gwanayenta suna ajiye sifana, yaransu kuma sun koma kan motocin Japan. A ganina wannan ne zai kashe ta, ba tsufan ƙarfe ba.

Mai da kuɗi

Tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023, injin kafireta mai zuƙar fetur ya zama nauyi. Ita ma Hilux ba ta da arha: yawancin sababbin da ke wucewa ta mararrabar Kwangila na hukumomi ne da 'yan kwangila. Idan Fijo aljihunka zai iya, sa a ɗaga ta ka duba tsatsa a ƙarƙashinta kafin a yi maganar farashi.