Ina Sauran Waƙoƙin Narambaɗa da Ɗanƙwairo?

A Lambara da sauran garuruwan da ke tsakanin Boɗinga da Shagari, akwai wani ƙorafi da ya daɗe a bakin masu sha'awar kiɗan fada, wato cewa kullum waƙoƙin da suka riga suka sani ake sake sayar masu. Abin da aka saya a faifan garmaho shi ne aka saya a kaset, aka sake saya a faifan CD, yau kuma shi ne mai turin waƙoƙi yake zuba wa mutum a cikin waya. Ganga ce kawai ta sake, amma ruwan na jiya ne, kuma duk juyi sai ya ƙara gurɓacewa.

Ɗauki misalin Marigayi Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu Bawa. Bakandamiyarsa da waƙar Dokin Iska ba su ɓuya ga kowa ba. To, amma sau da yawa za a iske an datse farkon waƙar, ko an haɗe ta da wata ba tare da tsayawa ba, ko sautin kotson ya dusashe saboda an kwafa daga kwafin kwafi. Wani lokaci ma sai a laƙa wa waƙar sunan wani makaɗi dabam, ɗalibi ya ɗauka ya sa a cikin kundin bincikensa. Haka abin yake ga Salihu Jankiɗi, wanda ya rasu a 1973, da Aliyu Ɗandawo mutumin Shuni, da Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991. Dattawa sukan ambaci waƙoƙin da suka ji a rediyo suna samari, waɗanda ba su sake cin karo da su a kasuwa ba.

Ina suke ke nan? Tun daga 1962, lokacin da aka buɗe gidan rediyo na Jihar Arewa a Kaduna, ma'aikata suka riƙa ɗaukar muryoyin makaɗa a kan tef mai zare. Gidan Rediyon Rima na Sakkwato ya bi sahu, haka kuma masu nazari a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero. Wani Ba'amurke, David Ames, ya ɗauki kiɗe-kiɗe a ƙasar Zazzau, aka fitar da su a faifai a Turai. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuwa ya rubuce matanin waƙoƙi masu yawa a cikin Diwanin Waƙoƙin Baka. Sai dai rubutu ba ya amshi, ba ya kuma kaɗa kotso.

Abin tsoron shi ne tef ba ya jiran kowa. Laimar damina tana sa ya yi danƙo ya manne, zafin bazara yana motsa shi, ƙurar hunturu tana kankare shi. A zamanin da tef yake da tsada, gidajen rediyo da yawa a duniya, har da BBC ta Ingila, sun sha goge tsohon shiri domin su ɗauki sabo a kai. A 2019 hukumar UNESCO ta yi gargaɗin cewa injunan da ke karanta irin wannan tef suna gab da ƙarewa, don an daina ƙera su da kayan gyaransu.

Akwai kuma batun haƙƙi, wanda masu ƙorafi ba su cika son a taɓo ba. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Ke nan magadan Ɗanƙwairo, da na Alhaji Mamman Shata da ya rasu a 1999, suna da ta cewa kafin a fitar da wani abu, alhali mai turin waƙoƙi a bakin tasha ba ya biyan su ko sisin kwabo. Duk hukumar da za ta buɗe taskarta, sai ta zauna da iyalan makaɗan a yi yarjejeniya a rubuce, ta kuma nemo tsofaffin 'yan amshi da suka rage, domin su ne za su iya faɗin wa aka yi wa kowace waƙa, a wace fada, kuma a zamanin wane sarki.