Kamfanin Da Aka Sayar A Kan Dala Ɗaya

A cikin watan Disamba na shekarar 2015 aka yi wani ciniki wanda ya bar 'yan kasuwar Ikko riƙe da baki. Kamfanin nan na Afirka ta Kudu mai suna Tiger Brands ya mayar wa Alhaji Aliko Ɗangote hannun jarin da yake da shi a kamfanin fulawar Ɗangote, watau kashi 65 cikin ɗari da 'yan kai, a kan dala ɗaya tak. Su ne kuwa a 2012 suka sayi galibin wannan jari daga hannunsa a kan kuɗin da ya tasam ma dala miliyan 200.

Da farko lissafinsu bai yi kama da na ganganci ba. Nijeriya ƙasa ce mai ɗimbin jama'a, burodi da taliya kuwa sun zama cimar yau da kullum. Abin da ba su auna da kyau ba shi ne, injinan niƙa alkama sun yi wa kasuwar yawa, ga manyan kamfanoni irin su Flour Mills na Apapa sun riga sun kafu. Tun a 2014 suka fara rage darajar jarin a littattafansu, har suka dakatar da waɗansu injinan. Amma ba su janye ba, sai suka ci gaba da zuba kuɗi, da fatan gobe ta fi yau.

Nan ne galibin 'yan kasuwa kan maƙale, babba da ƙarami. Mutum ya kan dubi abin da ya riga ya kashe, da kunyar a ce ya gaza, sai ya ranto wani kuɗin ya bi na farko da shi. Alhali kuwa kuɗin da ya tafi ya tafi. Abin tambaya shi ne ko wanda za a ƙara zai dawo.

Sai farashin man fetur ya faɗi, aka karya darajar Naira a ƙarshen 2014. Alkama kuwa da dala ake sayo ta daga waje, fulawa da Naira ake sayar da ita. Wannan ciwo ba ya cikin masana'anta, balle a ce canza manaja zai warkar da shi. Cikin Nuwamba 2015 hukumar kamfanin ta ce ba za ta ƙara ko kwabo ba. Dala ɗayan nan ba ita ce ribarsu ba, abin da suka saya da ita shi ne kuɓuta daga asarar da ba su san iyakarta ba. Laifinsu, in da laifi, jinkirin shekara guda ne.

Shi kuwa Ɗangote, wanda ya san kasuwar ciki da bai, ya zuba sabon jari, kamfanin ya koma cin riba. A 2019 ya sake sayar da shi ga kamfanin Olam a kan Naira biliyan 120.